Jamila Ba Ta Barci a Yamai

Yaya Zuwera, wai ke da matata Balki yaya kuke yi Jamila ta yi barci? Ki yi haƙuri na fara da tambaya tun ban gaishe ki ba, abin ne ya tsaya mini a wuya. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna, ƙafar ta saki? Yaya kaka, an fara yankan hatsi? Allah ya sa albarka a abin da aka samu, ya ƙara muku lafiya, ya tsare yara daga zazzaɓin bana. Ni ne ƙanenki Idrisa, daga Yamai. Na so in kira ki a salula, amma kin san sai an hau tudun bayan gari ake samun rezo kira ya shiga, kuma duk gida ake taruwa a saurara. Maganar nan ba na son Inna ta ji ta tukuna. Shi ya sa na rubuta, zan ba Isaka direba, tunda gobe motarsa za ta yi Magariya.

Balki da sauƙi, alhamdu lillahi. Kumburin ƙafar ya ragu, amma likita ya ce jininta yana hawa, ba za su sallame ta ba sai ta haihu. Ba a shiga da yara ɗakinsu. Ran Juma'a nake goya Jamila a kafaɗa mu ƙetare gada, in tsaya bayan taga in ɗaga ta sama, uwar ta miƙo hannu ta taɓa mata kai. Balki ta ce mini duk sati wannan take jira, da shi take cin abinci. Ni kuma ina nan unguwar Kirkisoye a ɗakin da Isaka ya ba mu aro. Na samu aikin ban ruwa a wani lambu bakin kogi, da safe nake zuwa da yarinyar, in shimfiɗa mata buhu a gindin mangwaro.

To Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Tun da aka kwantar da uwarta yarinyar nan ba ta yi barcin kirki ba. Ba ciwo take ba, jikinta ba zafi, tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Barcin ne ba ya zuwa. Za ki ga idonta ya yi ja, kanta yana rangaji, tana tafiya tana tuntuɓe kamar ɗan akuyar da aka haifa yau, amma da na kwantar da ita sai ta miƙe ta fasa kuka. In ta gaji da kukan ta ɗan lumshe, kafin in juya ta farka. Dare haka, rana haka. Ta rame, wuyanta ya fito. Yarinyar da kika sani mai surutu, yanzu ko kaza ta gifta sai ta yi ihu. Ni kaina shekaranjiya a tsaye na yi gyangyaɗi a lambu, ruwa yana zuba a ƙafata ban sani ba.

Babu abin da ban gwada ba. Na yi mata wanka da ruwan ɗumi, na yi tofi, na karɓo rubutu, na shimfiɗa mata zanen uwarta. Na ce ko hayaniyar gari ce, don nan ba kamar gida ba ne da ake yin isha kowa ya shige. Nan fitila ba ta mutuwa sai in an ɗauke wutar kuran, ga tele a kowane ɗaki, ga babura. Na toshe taga da kwali, zafi ya kusa kashe mu. Wani mai yawo da magani a tire ya nuna mini siro, ya ce cokali ɗaya za ta kwana kamar dutse. Har na karɓa na riƙe, sai gabana ya faɗi na mayar masa. Da na tambayi wata ma'aikaciya a asibiti, ta yi mini faɗa kamar na ba ta, ta ce kada in kuskura. Ta ce yaro kamar Jamila, in an haɗa na dare da na rana, kusan rabin yininsa barci ya kamata ya zama, a nan yake girma. Ta ce in riƙa kwantar da ita lokaci guda kullum, kuma in yi mata abin da ta saba. Na fito ina tunani, me ta saba? Wallahi Yaya ban sani ba. A gida ina gona, in dawo in tarar da ita a bayan uwarta kai ya langaɓe. Ban taɓa tambayar yadda aka yi ba, na zaci barci zuwa yake da kansa.

Sai ran nan aka yi suna a gidan da muke zaune. Mata suka fito da turmi tsakar gida suna daka. Jamila tana hannuna tana kukan nan nata, sai na ji ta yi tsit. Ta zame ta sauka, ta taka har gindin turmin, ta kwanta a ƙasa ta ɗora kai a ƙafar wata mata da ba ta taɓa gani ba. Kafin a tankaɗe garin ta yi nisa, ga rana a fuskarta, ga ƙudaje, ko motsi. Na ce ashe daka ne. Nan Yamai kowa inji yake kai hatsinsa, tun da muka zo kunnenta bai ji turmi ba.

Washegari na je wurin Inna Zalika, wata Bazabarma ce a ɗakin kusa da namu, tana sayar da kayan miya a Babbar Kasuwa. Na roƙe ta aron turmi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce matata ta dawo ne? Na ce a'a, ni zan daka. Na goya Jamila da zanen Balki, ɗaurin ma sai da ya kwance mini sau nawa, na kama tabarya. Yaya, da kin ga gidan nan. Mata suka fito har da mai kumfar sabulu a hannu, suna dariya suna riƙe ciki. Inna Zalika ta ce, "Amarya, yaushe aka kawo ki ba a gayyace mu ba?" Ta ce in an tashi rabon kayan ɗaki a ajiye mini tukunya. Da ta leƙa ta ga turmin ba komai, sai ta daina dariya, ta ce ba a dakan turmi wayam a gidanta, ta juye mini barkono a ciki. Ranar ni da yarinyar muka yi ta atishawa. Tun daga nan kowace ta kawo nata, mai kuka, mai daddawa, mai gero, su kuma su zubo mana tuwo. Samarin ƙofar gida suna ce mini mai daka, in na zo wucewa su yi ta magana da Zabarmanci suna ƙyaƙyatawa. Ba na jin abin da suke faɗi, sai in gaishe su da fofo irin tasu in wuce.

Duk wannan da sauƙi in da barcin ya zauna. Tana yi, amma sama-sama. Ina jin ta a bayana, in na buga tabarya sai ta kwantar da kai, kafin in sake bugawa sai ta ɗago kamar mai sauraren wani abu. Haka za mu yi ta yi, kwanta, ɗago, har hannuna ya yi kanta. Na ƙara sauri, bai yi ba. Na rage, bai yi ba. Sai ran Lahadi Inna Zalika ba ta fita kasuwa ba, ta zauna tana kallona, can ta ce dakan nan nawa kamar gurgu yana tafiya. Ta ɗauko tata tabaryar ta tsaya gabana, ina ɗagawa tana bugawa, tana ɗagawa ina bugawa. Yaya, nan take na ji yarinyar ta yi nauyi. Hannunta da ke riƙe da rigata ya saki. Ta yi barci tun azahar har aka kira magariba, na sauke ta a tabarma ba ta sani ba. Sai a lokacin na tuna, ai Balki ba ta taɓa daka ita kaɗai ba. Kullum ke ce kike zagayowa ta katanga da tabaryarki ku yi lugude. Ashe bugun naki take jira. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada matan su ga fuskata.

Inna Zalika mutuniyar kirki ce, amma tana da kasuwarta, tun safe sai yamma, ta dawo a gajiye. Sauran matan kuma mazansu ba za su so a gan su suna lugude da namiji ba, ni ma ba zan tambaya ba. Isaka ya ce in daina wahalar da kaina, matarsa za ta bi shi gobe, in ba su Jamila su kawo miki. Na san gaskiya ya faɗa. Jiya har na ɗaure kayanta a leda. Sai na tuna Juma'a, in je bayan tagar nan hannu biyu, Balki ta leƙo ta ga ba kowa a kafaɗata. Kuma ba zan ɓoye miki ba, in yarinyar nan ta tafi, sai in wuni a garin nan ba wanda ya kira ni da wani suna sai mai daka. Na kwance ledar. Na ce wa Isaka takarda kawai zai kai.

Don haka nake roƙonki, don Allah don zumunci, in an gama shigar da hatsi ki nemi izinin maigidanki ki zo, ko zuwa haihuwar Balki ne. Ɗakin ƙarami ne, amma ni zan koma kwana zaure. In kuma ba zai yiwu ba, ki gaya wa Isaka gaskiya kada ki ji nauyina, zuwansa na gaba zan ba shi ita, don ba zan zuba ido ta lalace saboda ni ba. Na riga na sayi tabarya a kasuwa, mai ɗan nauyi irin wadda kike so, tana jingine bayan ƙofa.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata duk muna lafiya. Ki gaida maigidanki, da Baba Sumana, da Gwaggo Mariyam, da su Yakuba da Halimatu, da duk wanda ya tambaye ni. A sa Balki a addu'a Allah ya sauke ta lafiya.

Zan tsaya nan, Yaya. Inuwa ta kai bakin turmi, ga ta nan tana murza ido tana jan zanen uwarta. Bari in tashi in je in yi nawa rabin dakan.

Ƙanenki,
Idrisa