Garafuninki Ya Hau Katanga

Zuwa ga Hajiya, uwar ’ya’yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, na ɗauki biro da hannun nan da kika sha yi wa dariya lokacin da nake zuwa ajin yamma, don in yi miki albishir. Autarki Binta ta sauka lafiya. Mace aka samu, an sa mata sunanki, muna kiran ta Ummi.

Kin tuna garafunin da kika zo da irinsa daga garinku, kika shuka a gindin katangarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi? Ni a wurina ciyawa ce. Duk damina sai na ce zai jawo mana maciji, ke kuma ki ce, “Bar shi, Malam, da shi zan yi wa Auta faten jego.” Ashe ko aurenta ba za ki gani ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki na yi ritaya, ni da yara muka tashi zuwa Tarauni, ke kin riga kin bar mu. Kafin in waiwayi tsohon gidan, mai shi ya malale tsakar gida da siminti har gindin katanga. Ko ganye ɗaya bai tsira ba.

Da Binta ta dawo gida goyon ciki, maganarki ta hana ni sukuni. Ana samun busasshen garafuni a kasuwa, amma ba shi kika ce ba.

Bayan ruwan farko, wani tsiro mai yaɗo ya fito a bayan randa. Na ce Allah ne Ya aiko tsuntsu da iri. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, na ɗaura masa igiya, ina lallaɓa shi kamar jariri. Ranar da Maman Ladi, maƙwabciyarmu ta da, malamar firamaren nan ’yar Pankshin, ta zo duba Binta, na ja ta in nuna mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Baba, ai soso kake reno!”

Washegari sai ga ta da iri ƙulle a bakin zani. Ashe tun tana goyon Ladi kin ba ta, yana nan a katangarta a Daurawa, kowace damina yana fitowa da kansa. Ba ki taɓa gaya mini ba. Da na fara godiya ta katse ni: “Na Hajiya ne, aro na yi.”

Hajiya, da kin gan shi! Ya bi igiya, ya hau katanga, har yana leƙa gidan maƙwabta. Da safe ƙananan furanninsa rawaya suna buɗewa, ’ya’yansa kuma idan suka nuna sai su fashe, cikinsu jawur. Ni da nake zagin sa, yanzu a gindinsa nake shimfiɗa tabarma.

Jiya ƙanwarki Asabe ta tsinki ganyen ta yi fate. Binta ta yamutse fuska saboda ɗaci, sannan ta sunkuyar da kai ta cinye tas, hawaye na zuba a kwano. Ban hana ta ba, don ni ma fita na yi.

Alƙawarinki ya cika. Na shanya iri na ajiye wa Ummi. Soson ma ban tumɓuke ba. Idan ya bushe, takwararki za ta yi wanka da shi.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya saka wa Maman Ladi da alheri, Ya raya Ummi da halinki, Ya haɗa mu a inuwar da ba ta gushewa.

Naki har kullum,
Malam, mai renon soso.