Jan Dutsen da Yaya Sani Yake Aikowa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kabari ya yi miki sanyi, ina sanar da ke cewa gidanmu na Rumde Ajiya yana nan yadda kika bar shi. Ɗakinki ne kawai muka rufe, don Hadiza matar Yaya Sani ta ce ba ta iya share shi ita kaɗai.

Inna, maganar duwatsun nan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kin tuna shekarar da kantin Baba ya durƙushe, Yaya Sani ya tafi haƙar zinariya a dajin bayan garin Collire. Ya ɗan yi waya da farko, daga nan ɗif. Wasu suka ce rami ya rufta da mutane, wasu suka ce masu tare hanyar nan ne da ake kira zargina. Ana cikin haka wani direba ya kawo miki guntun jan dutse mai sheƙi a ƙulle cikin leda, ya ce wani ne ya ba shi a tasha, wai in ji Sani.

Haka aka yi ta yi, duk gabanin azumi. Direban bana daban, na bara daban, babu wanda ya taɓa iya kwatanta fuskar mai ba da saƙon. Wani ya ce Sani ya koma wajen iyakar Cadi, wani ya ce ya yi kudu. Ke kuwa sai ki saka guntun a gwangwanin turarenki ki ce wa Hadiza, "Tunda yana aike, yana nan da ransa. Ki ƙara haƙuri." Ta kuwa yi haƙurin, har ƙannenta duk suka aurar da 'ya'ya.

Ni kuma kika yi ta tsokanata, wai 'ya'yan mutane sun tafi karatun likita, taki ta tafi karatun tsakuwa. To Inna, tsakuwar ce ta hana ni sukuni yanzu.

Da aka raba kayanki, gwangwanin ya faɗo a rabona. Na kai guntayen labo, ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, da niyyar gano ramin da kowanne ya fito, ko ma san inda za mu nufa nemansa. Irin wannan dutse yana girma ne kamar albasa, ɓawo kan ɓawo. Akwai sinadarin manganis da yawa a tsakiyarsa, yana raguwa har zuwa baki. Na'ura takan auna ɗigo ɗigo a jikin kowane guntu, mu kuma mu zuba alƙaluman a kwamfuta, lissafi ya ware su gida gida. Dutsen rami kaza ya taru nan, na rami kaza ya taru can.

Ba su rabu ba, Inna. Ɗigon suka jeru a layi guda, inda na wannan guntu ya ƙare nan na gaba ya ɗora. Na ce ko na'ura ce ta rikice, na sake awo. Malamina ya sake lissafin ta wata hanya, ya ce da wuya ƙwarai a ce dace ne. Duka guntayen daga dutse ɗaya aka ɓallo su. Da na bi shekarun da muka rubuta a jikin ledojin, sai na ga wanda ya fara zuwa miki ɓawon waje ne, kowane na bayansa yana ƙara matsawa ciki.

Ke nan babu wani yawo daga rami zuwa rami. Dutse ɗaya ne a hannun wani, yana ɓantara kaɗan kaɗan yana aiko miki. Ban san ko tausayinki yake ji ba, ko kuwa akwai abin da ya gani ya kasa faɗa.

Bana ma an kawo. Da rana tsaka direba ya yi sallama a ƙofar gida, sai dai bai tambaye ki ba, ni ya tambaya. Mu kuwa ba mu aika wa kowa a dajin nan labarin rasuwarki ba, wa muka sani da za mu aika wa? Na karɓi ledar.

Na auna guntun a labo. Manganis ɗinsa ya fi na kowanne yawa. Tsakiyar dutsen ce, babu sauran abin ɓantara.

Hadiza ta ga ledar ta yi murmushi, ta ce Alhamdu lillahi. Na kasa haɗa ido da ita. Lissafina bai ce Yaya Sani ya mutu ba, abin da ya ce kawai shi ne saƙon bai taɓa nuna yana raye ba. Amma ba zan bar ta ta tsufa tana jiran azumin baɗi ba. Gobe in Allah ya kai mu zan zaunar da ita gaban Kawu in faɗa mata komai, sannan mu je wurin liman a duba matsayin aurenta. Ina tsoron ta tsane ni. Ina kewarki, Inna, da ke ce da kin san ta inda za a fara.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Shi kuma Yaya Sani, kullum nakan ce Allah ya dawo da shi lafiya. Jiya bayan la'asar na ɗaga hannu, sai na ji bakina ya ce Allah ya jiƙansa. Ban gyara ba.

Taki har kullum,
Autarki, Rabi