Ciwon da ya kashe matata ya koma kan ɗiyata

Malam, don Allah ka taimake ni, na rasa wanda za ni gaya wa.

Ni manomi ne a Turba, ƙasar Isa, ina da 'yan shanu. Bara waccan matata Kadijatu ta yi ciwon maƙogwaro. Ni na kira wanzami ya cire mata beli. Ta samu sauƙi, sai bayan sati uku gwiwarta ta kumbura. Ciwon ya bar gwiwa ya koma gwiwar hannu, kamar mai neman wurin zama. Daga baya ko tatsa ta yi sai haki. Ƙafafunta suka cika ruwa, kafin kaka ta rasu.

Yanzu ɗiyarmu Fatsuma, shekararta tara, ta yi maƙogwaron nan, gwiwa ta biyo. Abin da ya fi tsorata ni, hannuwanta na rawa da kansu, ƙwarya na suɓuce mata. Inno, kakarta ta wajen uwa, ta ce uwar ce ke jan ta, a kai ta wurin masu iska. Malamin dispensa, ɗakin shan magani na Isa, kuwa ya ce jikinta ne ke yaƙar kansa. Ban gane ba. In ta zauna bakin murhu tana haki, wallahi Kadijatu nake gani. Ko askar wanzamin da na kira ce ta jawo mana?

Mai juyayi, Turba

Mai juyayi, Allah ya jiƙan Kadijatu. Ka sauke wannan laifi. Cire beli ba ya maganin cutar, amma ba shi ya kawo ta ba.

Malamin dispensa gaskiya ya faɗa. Ƙwayar cuta ke shiga maƙogwaro, jiki ya tashi yaƙarta. A wasu mutane sai jikin ya kasa bambance ta da namansa, ya afka wa gaɓoɓi da zuciya. Rawar hannun ma daga nan take, kuma takan wuce. Zuciyar ce abin tsoro.

Kada ka yi faɗa da Inno, ita ma 'ya ta binne. Ta yi addu'arta, malamai su yi tasu. Kai kuwa ka kai Fatsuma wurin likita a Gusau cikin satin nan, bisa jaki, kada ta taka. Akwai allurar fanisilin yanzu, mai kashe ƙwayar cutar. A hutar da ita daga daka da ɗiban ruwa, kuma duk ranar da maƙogwaro ya dawo a koma.

Matarka ba ta kiran kowa. 'Yarka tana da rai, ita ke jiran ka. Allah ya ba ta lafiya.