Akun da Malam Ya Bari

Litinin, 3 ga Maris
Wata huɗu da rasuwar Malam, mijina. Ina kan keken ɗinki da hantsi sai na ji tarinsa daga falo, mai sau biyu ɗin nan da gyaran murya a ƙarshe. Har na miƙe zan kai ruwa. Akunsa ne. Na sani sarai. Amma sai da na leƙa kujerarsa.

Alhamis, 6 ga Maris
Gashin akun a ƙasan keji, ya fi na jiya. Da bakinsa yake tugewa. Ƙirjin ya koma fata zalla.

Asabar, 8 ga Maris
Auta ta zo, ta daɗe tsaye gaban kejin. "Mama, shekara goma sha tara a kulle, laifin me ya yi?" Na ce ci da sha ba abin da ya rasa. Ta ce, "Ke ma da kika kwanta asibiti ba abin da kika rasa, amma kullum sai kin tambayi ranar sallama." Bakin yarinyar nan na ubanta ne.

Laraba, 12 ga Maris
Likitan dabbobi ya ce ba cuta ba ce, kaɗaici ne. Irinsu a garke suke rayuwa, shi kuwa Malam ne garkensa. Sakinsa ma kisa ne, bai iya neman abinci ba. Wai akwai gidan kula da tsuntsaye a bayan gari, da 'yan'uwansa shida a ciki. Na tambaya ko zai ci gaba da magana a can. "Hajiya, in ya samu nasa, wataƙila ya manta namu."


Lahadi, 16 ga Maris
Yau ya kira ni da sunan da Malam kaɗai ke kira na. Da jini a fiffikensa. Na durƙusa gaban keji ina amsa "na'am" har sau uku. Allah Ya yafe mini, so nake ya sake kira na.

Talata, 18 ga Maris
Wa ma ya kamo shi? Daga wajen wa aka raba shi? Ban taɓa tambaya ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Na ɗinka wa kejin riga mai kauri, likita ya ce iskar mota ba ta yi musu kyau. Ragowar yadi ne kawai, kada ya lalace a banza. Auta ta bugo. Na ce ta zo gobe da mota, akwai kayan da zan kai wani wuri. Ba ta tambayi wane kaya ba. Na ce ta taho da wuri, kuma ban da gudu a hanya.