Gyaɗar Asma'u

Litinin, 3 ga Yuni, 1839
Yau ma na durƙushe da buhun sukari a hawan tudu. Isma'ila, shugabanmu 'yan dako, ya ce, "Yaya, in ka sake faɗuwa, sai dai ka yi haƙuri." Ban ga laifinsa ba. Ni ma da haka zan yi.

Alhamis, 6 ga Yuni
Tun da gindin bindigar soja ya zubar mini da turamen haƙori a shekarar da bayi suka yi tawaye a garin nan, busasshen nama ya fi ƙarfina. Garin rogo da ruwa, shi ke nan. Ciki ya cika, ƙafa na rawa.

Asma'u, Bakatsiniyar da ke tallan dafaffiyar gyaɗa a gindin tudu, ta miƙo mini. Na ce abincin yara ne. Ta ce, "To Malam, da kai da yaron wa ya fi haƙori?" Aka yi ta dariya. Ban karɓa ba.

Lahadi, 9 ga Yuni
Ruwa tun safe. Ba wanda ya yi mini sallama.

Na buɗe tsummana na duba gyaɗar iri. Duk shekara nakan zaɓi masu kyau in ajiye, don in shuka a gonar babana ranar da na haye teku na koma gida. Ko gonar na nan, oho.

Juma'a, 14 ga Yuni
Jiya na ci gyaɗar Asma'u. Ba taunawa, harshe ma ya isa. Ta ce dafaffiya ba ta tsaya wa mutum a ƙirji kamar soyayya, kuma tana riƙe ciki har la'asar. Gaskiyarta. Amma na zarce, cikina ya kumbura, gishirin ya sa ni ƙishi. Na gaya mata. Ta ce haɗamata ce. Yau dai ta rage gishirin.

Litinin, 24 ga Yuni
Kiristoci na bikinsu, hayaƙi ko'ina, kowa na ɓare gyaɗa. Na hau tudu da buhu ban tsaya ba. Isma'ila ya ɗora mini na biyu.

Laraba, 26 ga Yuni
Asma'u na da ɗan fili a bayan ɗakinta. Na ba ta irin ta shuka. Zai lalace ne a tsumma, ba don komai ba.

Na ce kada ta tone da kanta, ba ta iya ba. In gyaɗar ta nuna, ta kira ni.