Jar Suwaitar da Na Warware

Fall River, 9 ga Mayu, 1927

Yaya Deolinda,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna. Yaya ciwon ƙafarta?

Albishirinki, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta masaƙarmu ta ci kofi! Ni na tsare raga, sanye da jar suwaitar nan da kika saƙa mini. A nan da hannu tsirara muke cafe ƙwallo, kuma doka ta yarda ƙatti su banko mai tsaron raga su cusa shi ciki, shi da ƙwallon. Wani basamude ya taka mini hannu, yatsu biyu suka karye, amma ban saki ba. Mista Haworth, shugaban sashenmu, da kansa ya ɗaga ni a kafaɗa yana ihu, "Abílio, muddin injinan nan na juyawa, kai da aiki mutu-ka-raba!"

Kada ki yi wa Inna zancen yatsun.

Ƙaninki,
Abílio

Fall River, 4 ga Nuwamba, 1931

Yaya Deolinda,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Na ji sanyin bana ya matsa wa ƙafarta, Allah ya ba ta sauƙi.

Na daɗe ban rubuto ba, don riƙe alƙalami ma yanzu aiki ne. Yatsu bakwai suka karye mini a shekara huɗu, duk sun ɗoru a karkace. Ko sau ɗaya masu masaƙar ba su kai ni wurin likita ba. A bakin fili ake jan yatsan, a naɗe da tsumma, a ce koma raga.

Yanzu sun kawo sabon mai tsaron raga daga Scotland. Kin san tsarin masaƙar, duk ɗan ƙwallo sai an ba shi inji, kuma babu injin da ba shi da mai shi. Ranar Litinin Haworth ya tsaya a kaina, ya tsinke zare, ya ce in ƙulla. Ƙullin da na iya tun ban yi gashin baki ba, Yaya! Sau uku zaren yana suɓuce mini, matan sashen duk suka sunkuyar da kai. Ya ce, "Ka gani ko? Wannan hannu ba na saƙa ba ne." Na ce, "A ragar wa ya lalace?" Sai ya ciro agogonsa ya duba.

Korar ta yi mini ciwo, amma ba ita ta fi ci mini rai ba. Har bakin ƙofa ya biyo ni, wai in bar wa sabon yaron suwaitar, 'yan kallo sun saba ganin ja a raga, kuma wai tana da sa'a. Sa'a fa! Na dubi hannuna, na dube shi, na ce gobe zan kawo.

Na koma gida na ɗauko suwaitar, na lalubo bakin zaren na fara ja. Ashe warwara ba ta buƙatar miƙaƙƙun yatsu, kafin matata Maria ta gama dafa miyar kabeji na gama. Ta yi kuka, ni kuwa ko ɗigon hawaye babu.

Ga ulun nan a cikin ƙunshin. Ki yafe mini aikinki na wata biyu, ki saƙa wa Inna safa da shi. Idan ta tambaya, ki ce Abílio ne ya aiko, yana nan lafiya, yana tsaron raga.

Ƙaninki har abada,
Abílio