Abin da Sadik Ya Binne a Gonar Kawu

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da irin gaisuwar da kika koya mana, wadda ba a gajarta ta don ana sauri. Ina fata kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci.

"Ki kwance shi da hannunki, Ma'u. Ni ba zan ƙara taɓa shi ba."

Yayanki ne, Kawu Hammadu, yake faɗa mini haka yau da hantsi, a ɗakinki na Pantami. Jiya ya shigo Gombe bai aiko ba, ya sa aka kira ni. Rabonsa da garin nan tun addu'ar arba'in ɗinki. Yana zaune a tabarma, ya turo mini wani ƙulli na baƙar leda da bakin sandarsa, kamar mai ture mataccen maciji. Tun kafin in kwance na gane abin, domin robar da ke ciki daga ɗakin girkina ta fito.

Bari in koma baya, don na san ba kya son a fara miki labari daga wutsiya.

Autanki Sadik ya dawo daga bautar ƙasa babu aiki, amma ya zo da wani wasa mai sunan Turanci da ba zan wahalar da ke da shi ba. Ana samun 'yar roba, a zuba tarkace da takardar sa hannu, a ɓoye ta a wani wurin tarihi, sannan a sa alamar wurin a taswirar waya. Wasu su hau mota su bi alamar har su tono ta, su ɗauki abu ɗaya su ajiye wani, su mayar. Wato an gano cewa ɗan zamani ba zai je ya ga kushewar kakansa ba sai an ɓoye masa murfin kwalba a kusa da ita.

Sadik ya ce zai jera irin waɗannan robobi a bakin kogin Gongola, daga Gombe Abba zuwa Nafada, a biyo ta Bormi a sauka Dadin Kowa, ya riƙa kai baƙi suna biyansa. Ya ce yana bukatata saboda na karanta tarihi. Na duba shi, na duba makullin motata da ke hannunsa, na gane wanne daga cikinmu ake bukata.

Mun tafi da wasu abokansa a ƙarshen damina, kogin ya cika ya yi ja, yana tafiya a hankali kamar wanda ya ƙoshi. Ba zan ɓoye miki ba, Dada, hanyar tana da kyau. A Gombe Abba na tsaya ina yi musu bayanin garin da sarauta ta tashi ta bari, abokan Sadik kuwa kowa ya sunkuyar da kai ga waya yana neman ramin da ya dace. Mutum ɗaya ce ta yi mini tambaya, Ngozi, wadda ubanta ke sayar da kayan mota a Kasuwar Gombe. Ta ce, mutanen da suka ƙi tashi, su wa suka zama? A Bormi, inda aka gwabza da Turawa, sai da na roƙe su kafin su rage waƙar da ke tashi a mota.

Sai muka zo daidai ƙauyenku.

Sadik ne ya ce a binne roba ɗaya a gindin tsamiyar fadamarku, wadda kike ba mu labarin kuna wanki a ƙarƙashinta. Ya ce don tunawa da ke. Idonsa har ya kawo ruwa, kuma na yarda da gaske yake. Daga inda muka tsaya ana hango rufin gidan Kawu. Amma kin san gaisuwar gidan nan: a shimfiɗa tabarma, a dama fura, a bi kaza da gudu, a tambayi lafiyar kowa har ta motar da ta kawo mu. Wuni guda ne, mu kuma muna so mu kai Dadin Kowa kafin rana ta faɗi. Muka ce sai wani zuwan. Kin sha faɗa mana cewa sallama ba kuɗi take ci ba, lokaci take ci, shi ya sa 'yan birni ke jin tsadarta. Na tuna da maganar a lokacin, na kuma ɗaga gilashin mota.

To, ga abin da na tarar yau da na kwance ƙullin. Tsohon kwabo mai huji. Wuri guda, irin kuɗin mutanen da, wanda ni na cire daga jikin makullina. Jan zare da ban san wanda ya bari ba. Wani ɗan ƙaramin kwaɗo a kulle, babu makulli, kyautar wani baƙo mai son ban dariya. Sai takarda da Sadik ya rubuta wa wurin suna da jan biro: Gonar Malam Hammadu. Duk an naɗe cikin baƙar leda don kada ruwa ya shiga, an binne a gindin tsamiya.

Ki faɗa mini, Dada, wane mutumin ƙauye ne zai tono wannan a gonarsa, da sunansa a ciki, ya ce wasa ne? Ni da digirina biyu, da na gan su a jere a kan tabarmarki, sai da na ja da baya.

Kawu ya ce tun bayan tafiyarmu motoci suke zuwa. Mutane su fito riƙe da waya, su kewaya tsamiyar, su durƙusa su yi tono, su yi dariya su tafi. Babu wanda ya taɓa cewa salamu alaikum. A tsakanin nan saniyarsa ta yi ɓari, ƙafar matarsa ta kumbura. Malamin da aka kai wa ƙullin ya ce a ƙone shi a yi sadaka. Kawu ya ce a dakata, domin wani makiyayi ya shaida motar farko, ya ce ta 'yar Aisatu ce mai koyarwa a Gombe.

Na yi masa bayani irin na aji, dalla-dalla. Har na buɗe waya na nuna masa taswirar, ga kogi, ga ɗigo a kan gonarsa, ga abin da baƙi suka rubuta, wai wuri ne mai iska da kwanciyar hankali. Ya daɗe yana kallon ɗigon. Na ɗauka gardama zai yi. Ashe yarda zai yi, kuma yardar ce ta fi ciwo.

Ya ce, "Na yarda, 'yar nan. Wasa ne. Amma da sammu ne da na fi samun sauƙi. Mai yi maka sammu ya san da kai, da kai yake kwana a zuciya. Ku kun zo har gindin tsamiya, kuna ganin hayaƙin gidana."

An koya mini yadda ake kare magana a gaban farfesoshi, ba a koya mini wannan ba.

Daga nan ya zo ga abin da ya kawo shi. Kin san rabonki na fadamar nan ba a taɓa fitar da shi ba. Shi yake nomawa, duk kaka ya aiko da shinkafa da albasa da busasshen kifi, ya ce ga kwanon Aisatu. Bayan rasuwarki bai fasa ba, sunan ma bai canza ba. Ni kuwa a gidana na unguwar Federal Low-Cost nakan yi mitar inda zan ajiye buhun. Sai yau na gane ba shinkafa yake aikowa ba. Muddin gonar ba a raba ta ba, akwai dalilin da zai sa ya neme mu, mu ma mu neme shi.

Ya ce idan an gama girbi mu zo da shaidu, liman zai tsaya, a auna a ba mu namu har da tsamiyar. Mu binne abin da muka ga dama a ciki.

Na ce, "Kawu, wallahi ba ma son gonar."

Ya ce, "Ai na sani. Abin da ake so ba a wasa a kansa."

Sadik bai zo ba. Yana Dadin Kowa da wasu baƙi daga Abuja, sana'ar ta fara kankama. Na kira shi, ya ce in taya shi ba Kawu haƙuri, yanzun nan zai goge alamar. Kafin in ajiye wayar ɗigon ya ɓace. Na so in nuna wa Kawu, sai na ga babu abin nunawa.

Na gaji, Dada. Ba gajiyar hanya ba. Gajiyar mutumin da ya yi shekaru yana koya wa 'ya'yan wasu yadda garuruwa ke mutuwa, yana dora laifin a kan yaƙi da fari da Turawa. Ban taɓa sa wa ɗalibaina a jarrabawa cewa wani lokaci sauri ne kawai ba.

Da azahar ya miƙe zai tafi tasha. Na ce in kai shi. Ya gyara hularsa ya ce in bar shi ya hau keke, wai motata hanyar tsamiya ta sani. A bakin zaure ya tsaya ya tambaye ni ko ina cin abinci, don ya ga na rame, ya ce haka kike yi idan abu ya dame ki. Sannan ya sa mini albarka, cikakkiya, bai rage komai ba. Da ya rage, da na sami abin riƙewa.

Zan je bayan girbin. Ban sani ba ko zai fasa rabon, kin fi ni sanin yayanki idan ya furta magana. Amma zan riga shaidun isa da kwana biyu, ni kaɗai, in kwana a ɗakin matarsa in ga ƙafar nan da idona. Idan an auna, a auna ina tsaye a gefensa.

Allah Ya jiƙanki, Dada, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa kina cikin waɗanda ba a nuna musu abin da 'ya'yansu ke yi sai mai daɗi. Allah Ya ba Kawu tsawon rai har mu yi hankali. Amin.

An kira la'asar. Na naɗe tabarmar, na share inda ƙasar gonar ta zube. Ƙofar ɗakinki har yanzu sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Na ɗaga, ta rufu. Na tafi.

'Yarki,
Asma'u